"Ni ma annabi ne kamarka"

Wata Lahadi ce cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke sa fankar coci ta riƙa kaɗo iska kamar daga bakin tanda. An tashi sujada ina tattara littattafan yaran makarantar Lahadi, sai na ga wata dattijuwa ta zumuntar mata tsaye a bakin ƙofa tana jirana. 'Yar Tawa ce, ta fi shekara 20 tana sayar da kayan miya a kasuwar Wadata. Inna nake ce mata, ita kuwa Malam take ce mini, ko da yake ta yi ɗa da ni. Ta kwance bakin zane ta fito da waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba, ta ce, "Malam, saurari wannan ka gaya mini gaskiya."

Muryar wani namiji ce, Faransanci da gurguwar Hausa a gauraye. Wani "annabi" ne daga wata ƙasa ta bakin teku, ɗiyarta ce ta haɗa su ta WhatsApp. Ya ce ciwon maigidanta ba na likita ba ne, jifa ne aka yi masa. A daina ba shi ƙwayoyin hawan jini har kwana 21, a riƙa shafa masa man da aka aiko ta tasha, a kuma tura jika 30 ta sefa na "shuka iri". Ya rufe da cewa duk wanda ya yi jayayya da shafaffe, wato wanda Allah ya keɓe, da Allah ya yi. Ta riga ta tura jika 10, ribar mako biyu ke nan a teburinta. Amma ta ce, "Malam, ba kuɗin ne suka hana ni barci ba. In na ƙi, ban saɓa wa Allah ba kuwa? Ai bin na gaba bin Allah ne."

Wannan karin magana da ta jawo shi ne gindin matsalar, kuma ba zan yi saurin zubar da shi ba. Da shi aka rene mu duka, Kirista da Musulmi. Littafi Mai Tsarki ma bai ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 13:17 ta ce mu yi biyayya ga shugabanninmu, domin su ne masu tsaron rayukanmu, za su kuma ba da lissafi. Littafin Ƙidaya sura 16 ya nuna yadda ta ƙare wa Kora da mutanensa da suka tayar wa Musa. Mai neman hujjar raina fasto ba zai same ta da sauƙi a Littafin ba. Sai dai Littafin nan da ya ce a bi na gaba, shi ne kuma ya ajiye wani labari wanda ba a cika yin wa'azi a kansa ba, ina jin don yana da ɗaci a bakin mai wa'azi.

Yana cikin 1 Sarakuna sura 13. Bayan rabuwar mulkin Isra'ila gida biyu, Yerobowam sarkin arewa ya kafa bagadi a Betel don kada jama'arsa su riƙa tafiya Urushalima. Allah ya aiko wani mutum daga Yahuza, ba a ma faɗi sunansa ba, "mutumin Allah" kawai aka ce. Ya tsaya gaban sarki ya yi magana a kan bagadin, ya ce za a haifi wani ɗa a gidan Dawuda mai suna Yosiya wanda zai ƙone ƙasusuwan mutane a kansa. Sarki ya miƙa hannu ya ce a kama shi, hannun ya shanye. Bagadi ya tsage, toka ta zube. Sarki ya roƙa, mutumin ya yi addu'a, hannun ya dawo. Sai sarki ya canza salo, ya ce zo gida ka ci abinci in ba ka kyauta. Mutumin ya ce ko rabin gidansa zai ba shi ba zai shiga ba, domin umarnin da aka ba shi a fili yake: kada ya ci abinci, kada ya sha ruwa a wurin, kada ya koma ta hanyar da ya zo.

Mutum ke nan da barazana ba ta girgiza shi ba, toshiya ma ba ta yi ba. To me ya kayar da shi? Wani tsohon annabi ne mazaunin Betel. 'Ya'yansa suka ba shi labari, ya sa aka ɗaura masa sirdi a jaki, ya bi sawu, ya iske baƙon zaune a gindin wani babban itace. Ka hango shi: ya gaji, ga yunwa, ga ƙishirwa, aikin kuma kamar ya ƙare. Tsohon ya gayyace shi, ya ƙi kamar yadda ya ƙi sarki. Sai tsohon ya ce masa shi ma annabi ne kamarsa, kuma mala'ika ya yi masa magana da sunan Ubangiji cewa ya komo da shi gida ya ci ya sha. Aya ta 18 ta ƙara 'yar gajeriyar magana: ƙarya ya yi masa. Baƙon ya bi shi.

Suna kan cin abinci sai maganar Allah ta gaskiya ta sauko, kuma ta bakin maƙaryacin nan ta fito: tun da ka ƙi kiyaye umarnin, gawarka ba za ta kai kabarin kakanninka ba. Ya kama hanya, zaki ya tare shi ya kashe shi. Masu wucewa suka ga gawa a yashe, jaki tsaye a gefe, zaki tsaye a gefe, bai ci gawar ba, bai taɓa jakin ba. Tsohon ya zo ya ɗauki gawar, ya binne ta a nasa kabarin yana kuka yana "kaito, ɗan'uwana", har ya yi wasiyya in ya mutu a sa ƙasusuwansa kusa da na baƙon. Wajen shekara 300 bayan haka Yosiya ya zo ya aikata abin da aka faɗa, kamar yadda 2 Sarakuna 23 ta nuna, ya kuma ce kada a taɓa wannan kabari.

Duk lokacin da na karanta wannan sura tare da matasa, sai wani ya ɗaga hannu ya ce ai ba a yi adalci ba, wanda ya yi ƙarya yana raye, wanda aka ruɗa ya mutu. Ni ma abin yana ci mini rai. Nassin bai faɗi dalilin ƙaryar tsohon ba, bai kuma ce an hukunta shi ba. Ya bar mu da abu ɗaya tsirara: mutumin nan ya ji umarni da kunnensa, sannan ya yarda wani ya soke masa shi da "an gaya mini". Furfura da muƙami da ambaton mala'ika ba su ɗauke masa nauyin ba. Kuma a lura, tsohon bai ce masa ya bauta wa gunki ba. Kwanon tuwo ne kawai da moɗar ruwa. Wanda zai kau da kai daga hanya ba safai yake zuwa da kamannin abokin gaba ba, domin abokin gaba ka riga ka yi masa shiri. Yana zuwa ne da yarenka, da ayoyinka, yana kiranka ɗan'uwa.

Attaura ta ba da ma'auni biyu tun da wuri. Maimaitawar Shari'a 18:21-22 ta ce in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, ba Ubangiji ne ya aiko shi ba, kada a ji tsoronsa. Wannan kowa ya sani. Wanda aka fi mantawa shi ne na sura 13 ta wannan littafin: ko da alamar da ya faɗa ta cika, ko da mu'ujizar ta faru a idonka, in yana jan ka zuwa ga abin da Allah bai umarta ba, kada ka saurare shi. Ashe cikar magana ba shaida ba ce da ta isa. Na faɗi haka domin Inna ta ce mini, "Ai ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya faɗi cewa mun rasa ɗa." Ban tsaya gardamar ta ina ya sani ba, ko da yake ɗiyar da ta haɗa su ta yi wata biyu tana hira da mataimakansa. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 7:22-23 da yawa za su zo a ranar ƙarshe suna lissafa annabci da fitar da aljanu da suka yi da sunansa, ya ce musu bai taɓa saninsu ba.

Ma'aunin farko yana da wata wahala, wato jira. Labarin Irmiya da Hananiya a littafin Irmiya sura 28 ya nuna ta. A shekara ta 4 ta sarautar Zadakiya, a wata na 5, annabawa biyu suka tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a, kowa yana cewa "in ji Ubangiji". Irmiya yana ɗauke da karkiyar itace a wuya, alamar za a bauta wa Babila. Hananiya ya ce nan da shekara 2 kayan Haikali da aka kwashe za su dawo tare da kamammu. Irmiya ya ce amin, Allah ya sa haka, sai dai mai annabcin salama ana tabbatar da shi ne in maganarsa ta cika. Hananiya ya fizge karkiyar ya karya ta a gaban kowa, Irmiya ya kama hanyarsa ya tafi. Da kana cikin taron ranar nan, wa za ka ce ya yi nasara? Hananiya ya mutu a wata na 7 na shekarar, Urushalima kuwa ta faɗi 'yan shekaru bayan haka. Amma mai hawan jini ba shi da wata 2 na jira, balle shekaru. Kafin ramin ƙarya ya ƙure, an yi jana'iza.

Shi ya sa annabawa da manzanni suka fi yawan nuna wani abu da ake iya gani tun yau, wato inda hannun mutum yake zuwa. Mika 3:5 ya yi maganar annabawan da ke shelar salama in an sa musu abin taunawa a baki, wanda bai ba su ba kuwa sai su ɗaura masa yaƙi. Ezekiyel 34 ya yi kuka da makiyayan da ke kiwon kansu, suna shan nono suna sa ulu, ba su ɗaure wadda ta karye ba. Elisha ya warkar da Na'aman ya ƙi karɓar ko ƙwandala, Gehazi ya bi bayan karusa ya karɓo azurfa da riguna, ya karɓo kuturta tare. Da Siman na Samariya ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Kiristocin farko sun mai da wannan doka ta yau da kullum. Akwai wata 'yar tsohuwar takarda mai suna Didake, ta wajen ƙarshen ƙarni na 1, wadda aka sake gano ta a 1873. Ta ce manzo baƙo in ya zo a karɓe shi, ya kwana ɗaya, in da larura biyu, in ya kai uku annabin ƙarya ne, in kuma ya roƙi kuɗi annabin ƙarya ne. Mutanen nan ba su da waya, amma sun san irin baƙon.

A nan sai in taka birki kaɗan, don kada wani marowaci ya ɗauki maganata ya yi garkuwa da ita. Bulus ya ce masu shelar bishara su ci daga bishara, ya ce kada a sa wa sa takunkumi yana sussuka. Na san fastocin ƙauye a jihar Tawa da ke noman hatsi da hannunsu, baikon Lahadi bai isa kuɗin mota zuwa gari ba, 'ya'yansu na zuwa makaranta da silifa ɗinkakke. Abin kunya ne a ce irin waɗannan suna nan, jika 30 kuma na tafiya bakin teku wurin wanda bai san ƙofar gidanka ba. Ɗaukar nauyin makiyayin da ke zuwa gaisuwar rasuwarka daban, sa wa addu'a farashi daban.

Sai ayar da aka fi dukan mutane da ita: "Kada ku taɓa shafaffuna." Tana Zabura 105:15. Duk wanda ya koma baya aya uku zai ga a kan wa ake magana. Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne, sa'ad da suke 'yan kaɗan, baƙi, suna yawo daga wata al'umma zuwa wata, Allah kuma ya tsawata wa sarakuna saboda su. Ayar katanga ce da aka yi wa marasa ƙarfi don kada masu iko su taɓa su. Yau an juya ta, mai iko ne ke riƙe da ita yana korar tambayar talaka. Ana kuma kawo Dawuda da ya ƙi kashe Sarki Saul a kogon En-gedi don shi shafaffe ne. Gaskiya ne ya ƙi, har zuciyarsa ta dame shi don ya yanki bakin rigar sarki. Amma a karanta 1 Sama'ila 24 har ƙarshe. Dawuda ya fito daga kogo ya ɗaga murya ya faɗa wa Saul laifinsa a gaban sojojinsa, ya ce Ubangiji ya shara'anta tsakaninsu. Da Saul ya yi kuka ya koma gida, Dawuda bai bi shi ba, ya hau maɓoyarsa da mutanensa. Bai ɗaga takobi ba, bai rufe baki ba, bai kuma miƙa wuyansa ba.

Ni a ganina, in aka ce in zaɓi alama ɗaya, zan zaɓi yadda mutum yake yi in aka buɗe Littafi a gabansa aka tambaye shi. Bulus ya isa Biriya yana manzo, wanda ya ga Almasihu a hanyar Dimashƙu, amma mutanen garin suna komawa Nassi kowace rana su ga ko abin da ya faɗa haka yake, Ayyukan Manzanni 17:11 kuwa ta yaba musu. Shi ɗin ne ya rubuta wa Galatiyawa cewa ko shi kansa, ko mala'ika daga sama, in ya zo da wata bishara dabam, la'ananne ne. Wannan kamar amsa ce kai tsaye ga tsohon Betel. Kuma da Bitrus ya janye daga cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba a Antakiya, Bulus ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa. Bitrus ɗin nan ne ya faɗa wa majalisar Yahudawa, a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa dole su fi yi wa Allah biyayya a kan mutane, majalisar kuwa ta shugabannin addini ce, da babban firist a kanta. Ikon shugaba na aro ne, mai aron riga kuma ba ya jin haushi in an tambaye shi ta wace ce. Na ƙarya ne ke fusata. Bulus ya zana shi sarai a 2 Korantiyawa 11:20, inda ya yi wa ikilisiya ba'a cewa suna haƙuri da wanda ya bautar da su, ya cinye su, ya ɗaga kai, har ya mare su a fuska.

Me ya sa suke haƙurin? Irmiya 5:31 ya ba da amsa mai zafi: annabawa na annabcin ƙarya, jama'ata kuwa haka suke so. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Likita zai ce maka wannan ƙwaya har ƙarshen rayuwa za ka sha ta, ka rage gishiri, ka dawo awo wata mai zuwa. "Annabi" zai ce kwana 21 an gama, ga kuma wanda ya jefe ka. Wa ya fi daɗin saurare? Sarki Ahab ma yana da annabawa 400 da ke faɗa masa abin da yake so, ya tsani Mikaiya ɗaya tilo don ba ya yi masa annabcin alheri.

Mu Kiristocin Nijar muna da wani nauyi na musamman a kan wannan. Mu 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa, kuma waɗanda suka ga 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, ba su manta ba. Daga nan sai wata ɗabi'a ta ƙara ƙarfi, ta "kada a ji mu a waje". In wani mai wa'azi ya cuci gwauruwa, sai a ce a rufa asiri kada a yi mana dariya. A haɗa wannan da kunyar da aka rene mu da ita, wadda ke hana yaro kallon idon babba balle ya ce masa "Baba, a wace aya?", sai ka ga an yi wa kura shimfiɗa a garke. Bulus ya gargaɗi dattawan Afisa a Militas cewa kyarketai za su shigo, waɗansu kuma daga cikinsu su kansu za su taso. Bai ce a rufa musu asiri ba. Abin da ya faru a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa sama da 400 na mabiyan Paul Mackenzie da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu, bai fara da kaburbura ba. Ya fara ne da mutanen da aka raba da makaranta da asibiti da dangi, ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsoron tambaya.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda nake gani a fadar matasa da dare ana zuba shayi. Yaro ya kalli bidiyo uku a Facebook, ya dawo ya ce duk dattawan ikilisiya ɓatattu ne, shi kaɗai Ruhu ke yi wa magana. Wannan bai tsere wa tsohon Betel ba, ya zama shi ne tun bai yi furfura ba. Mutanen Biriya tare suke bincike, kowace rana, da zuciyar karɓa. A Koranti ma umarnin shi ne annabawa biyu ko uku su yi magana, sauran su auna. Aunawa aikin jama'a ne, shi ya sa wanda ke son cinye ka yakan fara da cewa kada ka gaya wa fastonka, kada ka gaya wa mijinki, "ba za su gane ba".

Da na tambayi Inna, haka aka ce mata ita ma. Muka zauna a benci na baya, na buɗe mata 1 Sarakuna 13 a Hausa, ina karantawa tana bin layi da yatsa. Na tuna mata cewa Littafin nan yana cikin harshenmu tun 1932, kuma waɗanda suka kai bishara ƙasarsu su ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, inda ake addu'a da mara lafiya sannan a miƙa masa magani. Ta yi dariya ta ce a can aka haifi ɗanta na fari. Da muka kai wurin zaki da jaki ta yi shiru, can ta ce, "Wayyo, bawan Allah, don loma ɗaya." Sannan ta tambaye ni ko zan raka ta wurin Baba Fasto, don ita kaɗai kunya ba za ta bar ta ta faɗi maganar jika 10 ba.

Mun je ranar Talata da la'asar. Maigidanta ya koma shan ƙwayoyinsa a daren, bayan kwana 4 da dainawa. Lambar "annabin" tana nan cikin wayarta, ta ce ba ta iya gogewa ba, kuma ba ta ce in goge mata ba. Kwalbar man na kan kanta, bayan kwanonin samira. Makon jiya na ga Littafinta a benci, ta sa tsinken tsintsiya a sura 13, ta kuma ce in na samu lokaci in karanta mata na Hananiya, don ɗiyarta na zuwa daga Tawa ƙarshen wata.